Rana da Mai Tsaya Mata Shaida

Rana ba ta ƙarya, in ji masu iya magana, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Maganar biki ce. An sa rana, dangi sun ji, maƙwabta sun ji, to ko an gama haɗa kayan ɗaki ko ba a gama ba, ranar za ta zo ta tsaya a ƙofar gida. Ba ta jinkiri don tausayin kowa, ba ta sauri don ɗokin kowa. Sai dai karin maganar ta tsaya ne a kan ranar da ake jira, ta yi shiru a kan wadda ta wuce. Bikin nan da aka yi a idon jama'a, bari a shekara talatin a tambaya. Uwar amarya za ta ce bayan ƙaramar salla ne, gwaggo ta ce a'a, ana saura kwana biyu a kama azumi, shi kuwa angon ya ce abin da ya riƙe kawai an yi ruwa da dare. Kowa cikinsu gaskiyarsa yake faɗa. Ranar ce ta tafi ba ta bar mai tsaya mata shaida ba.

Akwai mutane a ƙasashe da dama da suka ɗora wa kansu wani aiki da ba wanda ya sa su. Tsofaffin ambulan da katunan gidan waya suke tarawa, kuma idonsu ba a kan kan sarkin da ke manne yake ba, yana kan hatimin da ma'aikacin gidan waya ya buga, 'yar da'irar nan ta baƙar tawada mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata. A cikinsu akwai waɗanda garin ma bai dame su ba, ranar suke bi. Mutum zai tanadi kundi mai gurbi 366, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, har da 29 ga Fabrairu, ya ce ba zai huta ba sai kowane gurbi ya sami ambulan ɗinsa. Wasu sun sassauta wa kansu, ta kowace shekara aka samu an karɓa, 4 ga Maris ta 1898 ta zauna kusa da 5 ga Maris ta 1951. Wasu sun tsananta, sai dai shekara ɗaya, ko gari ɗaya, ko irin kan sarki ɗaya tak. Irin wannan kundi yakan ci shekarun mutum, wani ma ya koma ga Mahaliccinsa ya bar gurabe a buɗe.

Abin da ya kama ni a wannan sha'awa shi ne adalcin kundin. Gurabun duka girmansu ɗaya. Ranar samun 'yancin kai ba ta fi wata Talatar da ba a yi komai a cikinta ba faɗin wuri. Mu kuwa a bakinmu ranaku ba su taɓa zama daidai ba, duk ranar da muka ambata tana da mai ita. Ana ce wa ango yau ranarka ce, haka ake ce wa wanda aka yi wa naɗi, haka ake ce wa ɗan damben da ya kayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar naka sai naka. Abin da ya fisshe ka lokacin matsi ya yi maka rana, mutumin da ba a morarsa ba shi da rana, in al'amari ya rikice kuwa rana ta ɓaci. Makaɗan fada ranar artabu suke wa waƙa, makaɗan noma ranar gayya, makaɗan maza ranar karon da aka daɗe ana zancensa. Duk ranar da ta shiga waƙa zaɓaɓɓiya ce, an tsamo ta daga cikin 'yan'uwanta.

Dubi wadda kowa ya sani: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Hankalinmu duka yana kan ɗayar nan, ranar kamu, ranar da gaskiya ta yi halinta. Dubun kuwa an dunƙule su an wuce. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi su, me aka ci, wa ya kwana da zazzaɓi, wa ya jira saƙo bai zo ba. Alhali rayuwar ɗan Adam kusan dukkanta a cikin dubun take. Mai tara hatimi bisa kwanan wata mutum ne da ya koma wa dubun nan, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana nema wa kowacce takardar da za ta tabbatar an yi ta, a gari kaza, kuma hannun wani ya yi aiki a cikinta.

Ba wai Bahaushe bai damu da ranar da ba ta da labari ba. Ya damu da ita ta tasa hanyar, ya mayar da ita sunan ɗansa. Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Larai da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Tsoho zai gaya maka ba tantama ran Alhamis aka haife shi, don da sunanta ake kiransa tun yana goye. Tambaye shi Alhamis ta nawa ga wata, a wace shekara, sai ya koma ga abin da ya faru: shekarar fari, shekarar da fara ta cinye gero, kafin canjin hannu, bayan canjin kuɗi. Biyun ƙarshen nan masu takarda a Nijeriya sun san su da 1972 da 1973, amma a ƙwaƙwalwar jama'a abin da ya faru ne ya zauna, lambar ta zame. Shi ya sa da aka zo zamanin katin shaida da fasfo, mutane da yawa aka rubuta musu 1 ga Janairu a gurbin ranar haihuwa. A kundin mai tara hatimi kuwa 1 ga Janairu tana cikin gurabun da suka fi wuyar cikawa, domin a ƙasashe da yawa gidan waya a rufe yake ran nan. Ranar da aka fi jingina wa mutane, ita ce mai ƙarancin shaidu.

Shi kansa hatimin kwanan wata, ƙorafi ne ya haife shi. A Ingila, a 1661, mutane suna kuka da cewa wasiƙunsu suna kwana a hannun masu rabawa. Shugaban gidan waya na lokacin, Henry Bishop, ya sa aka ƙera wani ɗan ƙaramin hatimi, da'ira da aka raba biyu da layi, sashe ɗaya na harufa biyu daga sunan wata, ɗayan na lambar rana. Babu sunan gari, babu shekara. Shekarar ba ta da amfani a wurinsa, don ba tarihi yake wa hidima ba. So yake wanda aka kawo wa wasiƙa ya ga ranar da ta shiga hannun gidan waya, ya ƙirga da yatsunsa, in an yi masa jinkiri ya san wanda zai tuhuma. Zuwa da kai ya fi aike, kuma duk wanda ya taɓa ba da saƙo ya ji shiru ya san dalili. Tunda ba za ka iya bin ɗan aike a baya ba, to ga alama a jikin saƙon da za ta ba da labarinsa. Abin da masu tarawa ke saye da tsada yau, asalinsa kayan tsare amana ne.

Kan sarki sai daga baya ya zo. Kafin zuwansa yawanci wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya, kuma bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda ake lissafi, don haka ba a cika sa wasiƙa a ambulan ba, naɗe ta ake yi a liƙe, a rubuta adireshi a bayanta. Gyaran da wani mai suna Rowland Hill ya yi fafutika a kai a Ingila ya juya lamarin: mai aikawa ya biya tun farko, kuɗi kaɗan, bisa nauyi. Kan sarki na farko a duniya, baƙi mai hoton kan Sarauniya Biktoriya, wanda ake kira Penny Black, ya fara aiki a hukumance ran Laraba, 6 ga Mayu, 1840. Aka ƙera masa hatimin kashewa da jar tawada don kada a sake amfani da shi. Wannan hatimi ba ya ɗauke da rana ko kaɗan, ranar tana cikin wani hatimi dabam, sau da yawa a bayan wasiƙar. To duk wanda ya ɓamɓare Penny Black daga jikin takardarsa, ya sami kan sarki ya zubar da ranar. Akwai masu tarawa da burinsu bai wuce wannan wata guda ba, Mayun 1840, suna neman wasiƙa ga kowace rana, kuma Lahadin da ke ciki, 10 da 17 da 24 da 31, su ne masu wuyar samu, don wasiƙun Lahadi ba su da yawa.

Hatimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da Barno. Sarakuna suna da shi tun kafin zuwan Turawa, kuma wasiƙa mai hatimin Sarkin Musulmi ko na Shehun Barno ba abin wasa ba ce. Amma wannan hatimi mai aikowa yake nunawa, bai damu da lokaci ba. Wasiƙun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari bayan shigar Turawa a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, da yawansu ba su ɗauke da ranar da aka rubuta su, sai masana sun bi abin da ke ciki sun kintaci lokacin. Ba sakaci ba ne. Manzon da ya ɗauko wasiƙar yana durƙushe a gaban sarki, ya san ranar da ya baro gida, ya san inda ya kwana, in an tambaye shi zai faɗa. Ranar a bakin mutum take. Sai da saƙo ya fara bi ta hannun mutanen da ba su san mai aikawa ba, ba su san mai karɓa ba, sannan aka bukaci ƙarfe da tawada su riƙe abin da manzo ke riƙewa.

A Arewa wannan sauyi kogi ya biyo. Kamfanin Royal Niger yana da hatimansa a Akassa da Burutu da Lakwaja tun a shekarun 1890. Da aka ayyana mulkin Ingilishi a Arewa ran 1 ga Janairu, 1900, aka buga wa yankin kan sarkinsa, kuma da farko wasu ofisoshin ba su da hatimin ƙarfe, sai ma'aikaci ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan wurin da kwanan wata da hannunsa. Hedikwata ta zauna a Zungeru daga 1902, ta koma Kaduna a 1917. Dogo ya iso Kano a 1911. A 1936 jirgin sama ya fara kawo wasiƙu daga Kartum zuwa Kano ta Fort-Lamy, wadda tun 1973 ake kira N'Djamena, da Maiduguri. Duk wannan ana iya karanta shi a littafi, amma a bayan ambulan ana ganinsa yana faruwa. Wasiƙa, musamman ta rajista, ofisoshin da ta ratsa sukan buga mata hatiminsu a baya, sai ka tarar da da'irori uku ko huɗu suna hawa kan juna, kamar zangon fatake, kowanne da ranar da aka sauka. Ka ɗebe ranar farko daga ta ƙarshe, ka san kwana nawa ke tsakanin garuruwa biyu a wannan shekara. Ka ɗauko wani ambulan na bayan zuwan dogo ka sake ƙirgawa, ka ga makonni sun koma kwanaki. Ashe nisa ma da rana ake auna shi.

Mai bin kwanan wata yakan ci karo da wani abin mamaki, wato ranakun da ba a yi su ba. Ingila ta daɗe a kan tsohuwar kalandar Turawa, da ta zo komawa sabuwa a 1752 sai aka kwanta ran 2 ga Satumba aka tashi ran 14. Kwana 11 babu su. A can ba a haifi kowa a cikinsu ba, ba a aika wasiƙa ko ɗaya ba. Rasha ta yi nata tsallaken a 1918, daga 31 ga Janairu zuwa 14 ga Fabrairu. Kafin nan tana bayan maƙwabtanta na yamma da kwana 12 a ƙarni na 19, da kwana 13 a farkon na 20, har wasiƙar da aka aika daga Jamus takan isa Rasha a buga mata ranar isowa da ta riga ranar tashi. Ita kuma 29 ga Fabrairu, mai leƙowa sau ɗaya a shekara huɗu, ba ta zo ba a 1900 a ƙasashen sabuwar kalanda, daga 1896 sai 1904.

Mu wannan ba zai girgiza mu ba, tunda da lissafi biyu muke zaune a gida ɗaya. Albashi da makarantar boko suna bin watan Bature, azumi da salla da aikin hajji suna bin watan sama, wanda sai an gan shi. A lissafi na biyun daga magariba sabuwar rana take farawa, shi ya sa daren Juma'a ke riga yinin Juma'a zuwa. Kuma da kwana muke ƙirga: kwana bakwai a yi suna, kwana arba'in a gama wanka, wanda ya tsira daga haɗari da sauran kwanansa, wanda ya tafi kwanansa ya ƙare. Hatiman gidan waya na Saudiyya da ke kan wasiƙun alhazai sukan ɗauki lissafin biyu a da'ira ɗaya, na Hijira da na Miladiyya. Yinin ɗaya ne, sau ɗaya Allah ya yi shi, lambobin da aka rataya masa su ne na mutane.

To hatimi yana ƙarya? Yakan yi kuskure, don hannun mutum ke saita shi. Kowace safiya kafin a buɗe taga, ma'aikaci zai kwance shi ya cire lambar jiya ya sa ta yau, ko ya murza lambobin in mai murzawa ne, ya buga gwaji a littafin ofis. Ranar da barci bai gama sakinsa ba sai a sami lamba a kife, ko wata ya kama a bar sunan wanda ya fita, ko a ga 31 ga Afrilu, ko 30 ga Fabrairu. Masu tarawa suna son irin waɗannan, kuma na ga dalili, a nan ne ake hango mutum a bayan ƙarfen. Ƙarya dabam take, ita ce ta mai jabu da ke sassaƙa hatimi ya buga tsohuwar rana don kuɗi. Masana suna kama shi ta launin tawada da siffar harufa, da bincika ko ofishin yana nan a wannan shekara, ko kuɗin kan sarkin ya dace da farashin aikawa na lokacin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko a kan takarda.

Akwai kuma ambulan da ba jabu ba ne amma shiryayye ne. Mutane sun daɗe da gane wasu ranaku za su yi daraja, sai su riga su tanadi ambulan su kai a buga musu: ranar fitar sabon kan sarki, ranar tashin jirgi na farko, ranar 'yancin kai, 3 ga Agusta a Nijar da 1 ga Oktoba a Nijeriya, duk a 1960. A Jamus har katuna na musamman aka buga don 12 ga watan 12 na 1912, da 11 ga watan 12 na 1913, saboda kyan jerin lambobin. Waɗannan suna da kyau, hatiminsu tsaf, takardarsu ba ta sha hannu ba. Amma don kallo aka yi su. Zuciyata tana wajen ɗayan, ambulan da ya sha naɗi a aljihu, bakinsa ya yage inda aka buɗe shi cikin ɗoki, hatiminsa ya karkace don ma'aikacin yana da tulin wasu a gabansa. Mai shaidar da bai san za a kira shi ba, maganarsa ta fi shiga.

Wani lokaci ranar ita kaɗai ke buɗe labarin duka. Da sojojin Jamusawa suka yi wa Paris ƙawanya daga Satumban 1870 zuwa Janairun 1871, hanyar da ta rage wa wasiƙa ita ce sama. Aka riƙa ɗinka manyan balan-balan ana cika su da iskar gas, suna tashi da buhunan wasiƙu su tsallake sansanin abokan gaba. Sama da 60 suka tashi cikin wata huɗu, iska ta kai su inda ta ga dama, ɗaya har Norway ya faɗa. Da yake an san ranar da kowanne ya tashi, masu tarawa suna duba hatimin Paris da hatimin isowa su gane wanne ya ɗauko wannan wasiƙa. Kusa da gida kuma, dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin duniya na biyu a Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wasiƙar soja daga fagen daga ba a buga mata sunan gari, don kada abokan gaba su san inda runduna take. Lambar ofishin soja ake sawa, da kwanan wata, da hatimin mai tace wasiƙu. Yi tunanin uwa a Katsina ko Bauchi da aka karanta mata irin wannan. Inda ɗanta yake a ɓoye yake gare ta. Abu ɗaya takardar ta tabbatar mata, ran kaza ga wata kaza yana da rai.

Irin waɗannan takardu suna nan cikin gidajenmu. Shekaru da dama gidan waya yana tsakiyar rayuwar mutane: ɗalibin makarantar kwana mai rubuto wa mahaifinsa a aiko masa da kuɗin mota, ɗan kasuwar goro a zangon Kumasi, mai tafiya hajji ta ƙasa da ya yada zango a Sudan shekara da shekaru, masu rubuta wa editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun da aka fara ta a Zariya a 1939, masu aika gaisuwa da tambayoyi ga Sashen Hausa na BBC tun 1957. Wanda bai yi boko ba yakan je wurin mai rubuta wasiƙa da ke zaune da teburinsa a bakin gidan waya, ya zayyana masa damuwarsa, a buɗe da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a rufe da sai na ji daga gare ka. Wasu wasiƙun cikinsu ajami ne, adireshin waje ne kawai boko. Kowacce an buga mata rana.

Akwai ladabi a wannan sha'awa da ya dace da tarbiyyarmu. Abin da ke cikin wasiƙa sirrin mutum biyu ne, kuma rasuwarsu ba ta mayar da shi na kasuwa ba. Fuskar ambulan kuwa tun asali don idon baƙo aka yi ta. Ma'aikacin da ya buga hatimi bai karanta ba, bai san albishir ne ko ta'aziyya ba, bugu ɗaya ya yi wa duka. Ba ya ɓangaren mai aikawa, ba ya ɓangaren mai karɓa, kuma wannan ne ya sa maganarsa ta karɓu. Har yau akwai hukumomin da in sun ce a aiko takarda kafin rana kaza, ranar hatimi suke dubawa. Mai tarawa da ya tsaya a fuskar ambulan zai san hanya da lokaci da farashi da sunan gari, ya bar wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya abin da suka faɗa wa juna.

Abin da ke damuna shi ne yadda suke ƙarewa. In tsoho ya rasu aka zo share ɗakinsa, littattafan addini ana girmama su, takardun gida da na gona ana ɓoye su, tarin wasiƙu kuwa sai a ce shara ce, a cinna musu wuta ko su ƙare a hannun mai ƙosai. Wanda ya tsira daga wuta, gara da damshin damina suna jiransa. Yaro mai sha'awar kan sarki kuma yakan zo da almakashi, da kyakkyawar niyya, ya yanke kusurwa ya raba hoton da ranarsa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, suna riƙe da takardun sarakuna da na Razdan da Di'o da na shugabanni. Na tela da na malamin firamare da na matar soja ba su da wani gidan ajiya sai adakar jikokinsu. Abin da ake bukata ba shi da yawa. A bar ambulan yadda yake, kada a yanke, kada a sa masa gam ko salatif, a raba shi da fil mai tsatsa, a ajiye shi inda ba laima ba zafin rana, a jera bisa kwanan wata. Mai jerawa zai ga abin da bai zata ba, watannin da wasiƙu suka yi yawa, da shekarar da suka ɗauke ɗif, ya tashi ya tambayi manyan da suka rage me ya faru a shekarar nan.

Muna da ranar da ta fi kowacce yawo a bakinmu, ita ce wata rana. Da ita ake buɗe labari, da ita ake ɗage alƙawari, da ita ake rarrashin mai kuka, a ce masa wata rana sai labari. Gaskiya ne, komai labari yake komawa. Amma labari iri biyu ne. Akwai wanda ba a tambayarsa yaushe, na Gizo da Ƙoƙi, wanda ake rufewa da ƙurunƙus. Akwai kuma wanda jika zai ce, Kaka, yaushe ne Baba Tsoho ya tafi Kurmi, a buɗe adaka a nuna masa. Al'ummar da duk ranakunta suka koma wata rana, wasu ne za su yi mata lissafinta, su sa mata ranakun da suka ga dama. Wanda ya adana ambulan ɗaya da hatiminsa ya ƙwato wa gidansu rana guda daga hannun mantuwa, kuma da irin wannan ɗai-ɗai ɗin ake cika shekara.